Carbin da Mang Ambo Ya Tafi da Shi

Zuwa ga Nas Marilou,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya fama da wannan annoba? Ni ce Perpetua, matar Ambo, tsohon nan mai mita da ya rasu a hannunki. Tokarsa aka miƙo mini a tulu, ko zaman makoki ba mu yi ba. Da kika kira mu ta bidiyo a waya mu yi masa bankwana, na hango carbi a hannunsa. An tsinka shi kafin a ƙona gawar? Kin san idan mamaci ya tafi da carbi a haɗe, mutuwa zagayowa gidan take yi. Jikata tana tari, ni kuwa barci ya gagare ni.

Ki huta lafiya,
Aling Perpetua

Nanay Perpetua, uwata,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya ƙarin haƙuri? Ki kwantar da hankalinki. Ni da kaina na tsinka shi da almakashin bandeji, na yi masa addu'a. Jikarki kuma don Allah a kawo ta a gwada ta. Har ranar ƙarshe Mang Ambo yana yi mini tsiya, wai cikin kayan kariyar nan na zama buhun shinkafa.

'Yarki,
Marilou

Marilou,

Gaisuwa da godiya. Yarinya mura ce kawai, ta warke. Amma ke, ni za ki rufe? Jiya ina kwashe kayansa na tsinci carbinsa a aljihun wandon coci, lafiya lau. Mutumin nan ko tafiya lahira sai da ya yi mantuwa. To na wa ya tafi da shi? Ban da kwana-kwana.

Perpetua

Nanay,

Barka da war haka. Nawa ne. Mahaifiyata ce ta ba ni ranar da na gama makarantar jinya, ta rasu bara. Da numfashi ya yi masa wuya sai ya yi ta lalube a jikin rigar asibiti yana neman aljihu, yana hawaye. Na saka masa nawa a hannu, ya damƙe shi ya natsu. Da ya cika na daɗe tsaye da almakashi, sannan na tuna yana da iyali a gida, na tsinka shi. Ban yi nadama ba. Sai dai har yau idan zan shiga wajen marasa lafiya, hannuna yakan tafi aljihu da kansa.

Allah ya ba ki lafiya,
Marilou

'Yata,

Na yi kuka har maƙwabta suka leƙo ta taga. Idanunki kawai na taɓa gani saboda takunkumi, amma ina ƙaunarki. Ga na Ambo na bar miki wajen mai gadin asibiti. Gicciyen ya ɗan karkace, da shi yake sosa kunne a coci. Ki sa a aljihu. Kuma ki ji ni da kyau: ki fito daga asibitin nan da ƙafarki. Ban yarda kowa ya kai wa wannan carbin almakashi ba.

Uwarki,
Perpetua