Indararon Gida na Bakwai

Togashi Kohei,
Gida na 7, Rukunin Gidajen Hukuma na Kayaba,
Ƙaramar Hukumar Okutobari.
21 ga Oktoba, 2019.

Zuwa ga
Mai Girma Shugaban Sashen Gidaje da Gyare-gyare,
Ofishin Ƙaramar Hukumar Okutobari.

Game da: Ƙorafi a kan indararon roba da aka sa wa gidajen Kayaba, da neman izinin sauke na gida na 7 kafin dusar ƙanƙara ta fara

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa da girmamawar da ta dace da matsayinka, da fatan sanyin da ya fara saukowa daga duwatsu ya same ka lafiya.

Ni ɗan marigayi Togashi Masaji ne, maƙerin kwanon rufi, wanda ya zauna a gida na 7 shekara talatin da biyu. Shekarata goma sha tara. Na gama sakandare a watan Maris na bana, yanzu ina aiki a gidan mai na bakin gada. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, idan na kauce wa tsari a yi mini afuwa. Sau uku na zo ofishinku, ran 4 ga Yuni, da 9 ga Yuli, da 15 ga Oktoba. Duk zuwan aka ce in rubuta. Ga shi na rubuta.

1. Indararon da ke jikin gidaje goma sha biyun nan tun da aka gina su a 1987, Baba ne ya ƙera shi. Kwano ne mai kauri, da jan fenti. Ba a kafe yake ba. Zama yake yi a kan ƙugiyoyin ƙarfe, a ɗaure da waya, kuma kowane yanki da lambarsa a ƙasansa. Lahadi ta biyu ga watan Nuwamba duk unguwa ke fitowa. Mutum biyu-biyu, ɗaya a kan tsani, ɗaya riƙe da shi. A sauke indararon, a ɗaure da igiya, a tura sararin da ke ƙarƙashin daɓen katakon gida. Sai a taru a ƙofar tsohuwa Haga-san ta gida na 4 a sha miyar gwaza. Watan Afrilu a mayar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: dusar ƙanƙara takan kai tsayin mutum a kan rufinmu, kuma idan ta zamo, duk abin da ta tarar a bakin rufi da shi take tafiya. Wannan al'ada ba a rubuta ta a ko'ina ba. Ina jin shi ya sa ba ta cikin fayil ɗinku.

2. Ran 12 ga Yuni, 2018, jami'inku Konno-san ya zo duba gidajen. Ina nan, na dawo daga makaranta ke nan. Ya tsaya a ƙasa ya ɗauki hoto. Bai hau tsani ba, duk da cewa Baba ya jingina masa. Ya ce fentin ya ɗaɗɗaye, kuma a jadawalin ofis indararon da ya wuce shekara talatin ya gama aiki. Baba ya ce masa, “Samari, fentin ne ya tsufa, ba ƙarfen ba. Ni ma na ninka shekarun takardar taka, ko a haɗa da ni a lodin kayan zubarwa?” Konno-san ya yi dariya, ya rusuna, ya rubuta abin da ya zo rubutawa.

Ranka ya daɗe, yadda ake gane indararo ya mutu ba wuya gare shi ba, ni da ban koyi sana'ar ba ma na sani. A ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. Mai lafiya yana amsawa, ruɓaɓɓe shiru yake yi. A danna ƙusa a gindinsa inda ruwa ke kwana. A dubi bango ko akwai baƙin layi yana gangarowa. Sannan a zuba ruwan buta guda a can ƙarshe, a ga ko zai isa bututun da ke saukar da shi ƙasa ko zai tsaya a hanya. Baba ya yi wa gidajen duka haka a watan Afrilun shekarar, lokacin mayarwa. Yanki uku ya samu da tsatsa ta ci: biyu a gida na 9, ɗaya a gida na 1. Ya rubuta lambobinsu a bayan ambulan ya miƙa wa Konno-san. Ban san inda ambulan ɗin ya shiga ba.

3. Daga 10 zuwa 14 ga Satumba, 2018, ɗan kwangila ya cire indararon gidajen duka, har da ƙugiyoyin, ya loda a mota. Ya sa na roba, mai launin toka. An haɗa shi da gam, an ɗaure shi da noti a jikin katakon rufi. Ba ya saukuwa sai an yanka. A saman kowace ƙofa kuma akwai wani ɗan kwano mai kamar tanti da Baba ya sa, yana raba ruwan narkewa hagu da dama don kada ya ɗiga a kan dutsen takawa. Shi ma an cire, an ce ba ya cikin zane. Haga-san ta fito da sandarta ta ce wa ma'aikatan, “Wannan ai bahon wanka kuka tsaga biyu kuka rataya mana.” Suka ce ita dai Kaka ba ta rabo da barkwanci.

Lahadi ta biyu ga Nuwamba mutane suka fito kamar kullum, wasu har da safar hannu. Babu abin saukewa. Aka tsaya ana kallon sama. Aka sha miyar, aka watse da wuri. Washegari Baba ya zo ofishinku neman izinin yanke na gidanmu ya ajiye. Aka nuna masa sashe na 14 na yarjejeniyar zama: mazauni ba ya taɓa kayan ginin hukuma, wanda ya taɓa ana iya ba shi takardar tashi. Ya dawo ya rataye hularsa. Bai ci abinci ba.

4. Kafin tsakiyar Janairu na bana, indararon ya cika da ƙanƙara, dusar rufi ta danne shi. Ya tsage a gida na 2, da na 5, da na 7, da na 11. Namu ya tsage daidai saman ƙofa. Da can ruwan narkewa ɗiga yake yi a tsawon rufin duka, ya faɗa kan tsakuwa. Yanzu robar ce ke tattara shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ta kawo shi wurin tsagar, ta zuba a kan dutsen takawa. Da rana ruwa ne. Kafin gari ya waye ya zama gilashi. Baba ya buga waya ofishinku ran 21 ga Janairu, aka ce sai ƙanƙara ta narke za a duba. Tun daga ranar kullum da safe yakan fasa ƙanƙarar da guduma, ya barbaɗa yashi kafin Inna ta fita aiki.

Ran 26 ga Fabrairu, wajen ƙarfe shida saura kwata na safe, ya fita da gudumar. Ina cikin bargo na ji ƙara. Na ɗauka dusar rufi ce ta faɗo, don haka ban tashi ba. Na yi kamar minti goma. Inna ce ta buɗe ƙofa ta gan shi. Ƙashin kwankwasonsa ya karye. Abin da ya fara ce mata shi ne, “Kar ki tako, Fumie, ban fasa ba tukun.”

5. Ran 1 ga Maris aka yi bikin gama makarantarmu. Na kai masa takardar shaidar a asibiti, ya riƙe ta a juye, ya ce ta yi kyau. Ya rasu ran 2 ga Afrilu. Takardar likita ta ce ciwon huhu. Wasiƙar ofishinku ta 20 ga Mayu ta yi mana ta'aziyya, mun gode, sannan ta ce ba a ga alaƙa tsakanin rasuwar da aikin gyaran ba. Ba na jayayya da likita. Ba diyya nake nema ba, kuma ba na neman a hukunta Konno-san. Ya zo ran cikar kwana arba'in da tara da rasuwar, ya kunna turare a gaban hoton Baba, ya daɗe kansa a ƙasa. Na ba shi shayi. Ban ji komai a raina ba, har yau ma ban cika jin komai ba. Ina faɗar abin da ya faru ne kawai, a jere.

6. Ran 11 ga watan nan aka liƙa sanarwa a allon unguwa cewa ran 18 ga Nuwamba za a canza yankunan da suka tsage da “sabbi irin nasu”. Wannan ne ya sa na zo ran 15, kuma shi ne ainihin ƙorafina.

Ba na cewa roba ba ta da amfani. Konno-san mutumin bakin teku ne, ya gaya mini a garinsu iskar gishiri tana cinye kwano cikin 'yan shekaru, roba ce ke daɗewa. Na yarda. Amma a garinsu dusar ƙanƙara ba ta wuce idon sawu. A nan sanyi yana busar da roba ta zama kamar ƙwaryar da ta sha rana, nauyi kaɗan ta tsage. Wadda aka sa bara ko wata biyar ba ta yi ba. Wadda za a sa bana irinta ce, a wuri ɗaya, a ƙarƙashin rufi ɗaya. Za ta tsage a Janairu. Ba sai na yi karatu mai zurfi zan san haka ba. Abin da gidajen nan ke bukata shi ne kwano mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa, a kan ƙugiya, wanda ake saukewa. Idan babu halin wannan bana, gara babu indararo sam har bazara. Rufi ba indararo shi muka saba yin hunturu da shi.

7. Mahaifiyata, Togashi Fumie, shekararta hamsin da bakwai. Tana dafa abinci a gidan kula da tsofaffi, tana fita ƙarfe shida na safe, kwana shida a mako. Ƙofa ɗaya gidan ke da ita, dutsen takawa ɗaya. Gwiwarta ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai. Ni kuma da hunturu aikina yana farawa ƙarfe biyar, saboda motocin share dusar ƙanƙara a hanya da ke shan mai, ba na nan lokacin da za ta fita. Ta ce za ta riƙa zuba ruwan zafi a kan dutsen. Na ce mata ruwan zafi ƙanƙara yake komawa. Ta ce ta sani.

Yarjejeniyar gidan yanzu da sunanta take. Da na ɗauko zarton Baba ina gogewa, ta ce, “Kai, ajiye. Ubanka da girmansa bai taɓa ba, sai kai mai ƙarfin hali? A ɗakin nan ya yi zamansa. In suka tashe mu, ina zan kai hotonsa?” Na ajiye. Ba ta san ina rubuta wannan takarda ba. Tsoronta a kore mu daga gidan. Nawa tsoron in sake jin ƙarar nan.

Saboda haka, ranka ya daɗe, cikin ladabi nake roƙon abubuwa kamar haka.

A dakatar da aikin ran 18 ga Nuwamba, kada a sake sa roba a gidajen Kayaba.

A ba ni izini a rubuce in sauke indararon gida na 7, in ajiye shi a ƙarƙashin daɓe ba tare da na zubar da ko yanki ɗaya ba, kayan hukuma ne. Idan za a haɗa da gida na 2, na 5 da na 11, mazaunansu sun ce in sa sunansu. Dukkansu shekarunsu sun haura saba'in.

A bar ni in mayar da ɗan kwanon saman ƙofa. Akwai guda ɗaya a akwatin aikin Baba, wanda ya yi don gwaji.

A tambayi ɗan kwangila ko ƙugiyoyin da tsohon indararon suna nan. Idan an narkar, a gaya mini kawai, in daina tambaya.

Kafin a sake yanke hukunci a kan indararon kowane gida a wannan ƙaramar hukuma, wanda zai duba ya hau tsani, ya tafi da buta.

Abu na ƙarshe, ba don rashin kunya nake faɗa ba, sai don kada a ce na yi a ɓoye. Lahadi ta biyu ga Nuwamba ta faɗo ran 10 ga wata. Ƙarfe takwas na safe zan jingina tsani a gida na 7, in yanke indararon a gaɓoɓinsa, in sauke. Na karanta sashe na 14, na gane abin da ya ce. Idan izini ya zo kafin ranar, na gode. Idan takardar tashi ce, ina roƙon a rubuta sunana ni kaɗai. Ni na yi, ita ta hana ni, kuma wannan takarda shaida ce. Zan kwashe kayana, ba su da yawa, a bar ta a gidanta da dutse busasshe.

Duk wanda za ku aiko ranar, ko wace takarda ya riƙo, ina roƙon ya zo da takalmin da ba ya santsi. Aikin na mutum biyu ne, kuma ba ni da mai riƙe mini tsani.

Ina neman afuwa a kan tsawon takardar da ɗaukar lokacinka da na yi. Ka huta lafiya.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Togashi Kohei
(sa hannu da hatimi)
Gida na 7, Kayaba