Rimot Ɗin Yana Hannuna

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar taki?

An yi wa Baban yara aikin, mun dawo gida. Kin san yadda cutar Fakinsin ta mayar da shi: hannu na karkarwa, kafaɗa da ƙafa na murɗewa, shekara shida ba ranar da bai yi nishi ba. Likita ya zura siraran wayoyi biyu cikin ƙwaƙwalwarsa, ya dasa batir ƙarƙashin fatar ƙirjinsa. Da aka kunna, hannun ya tsaya cak, ciwon ma ya ragu sosai. Jiya da kansa ya ɗaga kofin shayi.

Akwai ɗan rimot na kunnawa da kashewa. Ni aka damƙa wa.

Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ki karanta wannan ke kaɗai.

Kin tuna cikina na uku, ranar da na wuni ina juyi a ƙasa ina roƙon Baban yara ya kai ni asibiti, ya ce raki ne, ya ɗauki mukullin mota ya fice? Ke kika wanke jaririn da bai zo da rai ba. Shekara ashirin bai taɓa ta da maganar ba.

Ranar Talata abokansa suka zo dubiya. Ina jera musu kofuna na ji yana dariya, wai mata ba su san ciwo ba, sai kwakwazo.

Da suka tafi na zauna gabansa, na kashe na'urar. Hannun ya fara kaɗawa, cokali ya faɗi. Can ƙafar ta ƙage, gumi ya karyo masa. Ya kira ni har sau huɗu, ina kallon agogo. Na ce masa, "Ni wuni guda na yi."

Minti ashirin na ba shi, sannan na kunna. Bai gaya wa kowa ba. Yanzu in na shigo ɗakin, hannuna yake kallo.

Yaya, na nemi nadama a zuciyata ban samu ba. Ki zo cikin satin nan ki karɓi abin nan, ki miƙa wa babbar 'yarmu, don na san zan sake.

Taki,
Auta