An Yi Wa Mijina Takwara Da Ɗan Alade

Assalamu alaikum Anti Dela,

Don Allah don Annabi ki taimake ni da shawara, aurena ne yake neman zamewa daga hannuna ina ji ina gani. Ina rubuto miki zuciyata tana tashi, ga ɓarin lemun tsami a gefena ina tsotsa. Ki sakaya sunana, don a Hindawiyya, unguwarmu a nan Jidda, ko tari mutum ya yi sai an san gidan da ya fito.

A nan aka haife ni, iyayenmu Hausawan Sudan ne. Maigidana kuwa mutumin Gusau ne, aiki ya kawo shi. Ni Dakta nake ce masa. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa buɗe baki na faɗi sunansa ba, haka Umma ta tarbiyyantar da mu. Ko a asibiti aka tambaye ni, sai dai in miƙa iƙamarsa, katin zamansa na ƙasar nan, su karanta da kansu. Ki riƙe wannan, za ki ga abin da ya sa na faɗa.

Aikinsa binciken gadon dabbobi ne, a wata cibiya can wajen Khumra. Tumaki yake bi, yana neman abin da ke cikin jininsu da ya sa suke jure zafin ƙasar nan ba su faɗi ba. Ni dai abin da nake gani haruffa ne da lambobi cike da kwamfuta, ban taɓa damuwa ba, sai dai in tsokane shi in ce ya yi digiri uku don ya ƙare a makiyayi. Ashe tun bara wasu masu bincike a Turai suka neme shi. Su nasu dabbobin zafi ke kashewa, sun ga hanyar lissafin da ya ɓullo da ita, suka ce a haɗa hannu, shi ya duba musu lambobinsu, su kuma su karanta masa jinin tumakinsa a injinan da cibiyarsu ba ta da irinsu. Ya gaya mini yana aiki da Turawa, na ce mabruk. Bai gaya mini wace dabba ce ba, ni ma ban tambaya ba. Anti, aladu ne. A'uzubillahi, ko rubuta kalmar sai da na goge yatsuna a zane.

Mutanen nan suna da wata 'yar mujalla da suke tura wa junansu, ta labaran masu binciken aladu. Wane ya gano kaza, za a yi taro a gari kaza, har da mai sanarwar yana da ragowar jini da guntun kunnuwa a firiza yana neman wanda zai raba wa, kamar dai naman layya. A fitowar watan jiya suka yi wa Dakta maraba, suka sa hotonsa a shafin farko da babbar rigarsa da hularsa ta salla. Shi da murnarsa ya tura a guruf ɗin danginmu, bai ko karanta har ƙarshe ba. Aka yi ta masha Allah, Umma har da guɗa a saƙon murya, don hoton kawai aka kalla, ba wanda ya tsaya wa Turancin. Sai Raghad, matar ƙanena Bilal, wadda ta yi jami'a, ta bi shafi-shafi har na ƙarshe.

A can abin yake. Wai al'adarsu ce a gonar gwajinsu, duk wanda ya shigo haɗin gwiwar sai a sa wa ɗaya daga cikin 'ya'yan aladun da aka haifa a watan sunansa, don girmamawa. Ga hoton abin nan jajir, jikinsa kamar an babbake an kankare, hanci a jiƙe, an maƙala masa alama a kunne, a ƙasa an rubuta sunan mijina ɓaro-ɓaro. Sunan da ni matarsa nake jin nauyin faɗa! Wata Baturiya ta rungume shi a ƙirji tana washe baki, wai suna gayyatar Dakta ya zo ya gan shi. Ina gani na ruga banɗaki, sai da na amayar da duk abin da na ci.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, Bilal ya yi wa Dakta takwara da ɗansa na fari, ko yaye yaron ba a yi ba. Yanzu Raghad ta kafe ita ɗanta ba zai haɗa suna da alhanzir ba, sai an canja. Labari kuma ya fita, ban san ta bakin wa ba. A gidan biki wata ta matso da fuskar tausayi tana tambayata wai ya takwaran Dakta na Turai, ya yi wayo? Mata suka kwashe da dariya. Na ja abayata na fito, ko shayi ban sha ba.

Da na tare shi da maganar, Anti, dariya ya yi. Dariyar nan ta fi hoton tsaya mini a wuya. Wai ma'alesh, ba komai, su a wurinsu karamci ne, ba su san komai ba, shi kuma ko warin alade bai taɓa ji ba, lambobi kawai ake turo masa, gonar ma ba zuwa zai yi ba. Na ce to ya rubuta musu su cire sunan. Ya ce yana jin nauyi, wai a garinsu ba a mayar da takwara, wanda ya yi maka ya ɗauke ka da girma ne. Wai kuma cibiyar, wadda ita ce kafilinsa, wato mai riƙe da izinin zamansa a ƙasar nan, tana alfahari da haɗin gwiwar, ba ya son ya ɓata wa kowa rai. In yi haƙuri, maganar za ta mutu da kanta.

Ta mutu a ina? Tun ranar na raba mana kwano. Da a faranti ɗaya muke ci, a ƙasa a kan sufra, ledar nan da ake shimfiɗawa, in na yi shinkafar kabsa ya riƙa turo mini tsoka gefena da yatsa kamar bai san yana yi ba. Yanzu in na kalli yatsun nan sai in tuna su ne ke taɓa kwamfutar da hoton yake ciki, sai loma ta ƙi wucewa. Na saya masa shuɗin farantin roba da kofinsa, na ware musu soso. Umma ta ce wankin sai sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Mu da muke hawa na uku ina muka ga ƙasa? Ta tukunyar na'ana'ata ta baranda na yi ta ɗiba, har na'ana'ar ta bushe. Kwamfutar kuwa na ce ba za ta ƙara shigo mini ɗaki ba, a mota yake barin ta.

Da fari ya riƙa ci a shuɗin farantin, kansa a ƙasa. Sai ya fara cewa a ƙoshe yake, ashe tsayawa yake a Balad, tsohon gari, ya ci ful da tamis, wato wake da gurasa, kafin ya shigo. Ni ma ba cin kirki nake ba, na rame har zobena yana juyawa a yatsa. Juma'ar da ta wuce na tarar ya sauko da akwatinsa daga saman durowa. Ya ce, ba da faɗa ba, in dai ya zama najasa a gidansa, akwai ɗaki a masaukin ma'aikata a Khumra, zai koma can in huta da wanki. Akwatin na nan a buɗe, kullum sai na ga an ƙara riga ɗaya ko biyu. Umma kuma ta ce shi ke nan, in tattaro in dawo gida har sai ya tuba ya bar aikin.

Anti, mutumin nan ba ya wasa da salla, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ina son mijina, na faɗa ba kunya. Amma wallahi ƙyamar nan ba ni na ɗora wa kaina ba, in ya matso kusa tsigar jikina tashi take. In bar shi ya tafi Khumra? In bi maganar Umma? Ko ni ce na haukace?

Taki,
Mai Tashin Zuciya, Hindawiyya

Wa alaikumus salam 'yata,

Ba ki haukace ba. Ni ma da na zo wurin hoton nan sai da na ajiye kofin shayina. An raine mu a kan ƙyamar dabbar nan tun kafin mu iya tsarki, ba zan ce ki cire ta ba. Sai dai ƙyamar taki ta ɓata hanya, ta bar aladen a Turai ta zo ta sauka a kan mijinki.

A maganar suna kina da gaskiya, kuma ki miƙa wa Dakta wannan shafin ya karanta. Dakta, dariyar nan ba ta yi ba. Matar da ta yi shekaru tana ɓoye sunanka a bakinta don girma, ta wayi gari ta gan shi a ƙasan hoton alade, ba dariya take jira daga gare ka ba. Zancen ba a mayar da takwara kuwa, takwaran ɗan Adam ake nufi. Ko a Gusau ban ji wanda aka sa wa jaki sunansa ya kai goron godiya ba. Na yarda mutanen nan da kyakkyawar niyya suka yi, shi ya sa ma gyaran ba wuya. Wanda ya yi abu don ya girmama ka, in ka gaya masa a wurinku abin kunya ne, zai fi ka jin nauyi. Ka rubuta musu a taƙaice, ka gode, ka bayyana, ka roƙi a sauya wa dabbar suna a kuma gyara a fitowa ta gaba. Lissafinka suke nema, ba za su watsar da shi a kan wannan ba, ka ma hutar da wani Musulmin da zai shigo bayanka. In gyaran ya fito ka tura shi guruf ɗin da ka tura na farko, wannan karon ka karanta har shafin ƙarshe. Ka kuma taka da ƙafarka gidan Bilal ka ba shi da matarsa haƙuri. Yaro ya riga ɗan aladen samun sunan, ba shi ne zai saki ba.

Halaccin aikin kansa kuwa, ni ba malama ba ce, ba zan yi fatawa a jarida ba. Amma tambaya ce ta gaske, tunda tumakinmu za su amfana, masu kiwon aladun ma za su amfana. Ku je tare wurin malamin da ku biyun kuka yarda da iliminsa, Dakta ya bayyana aikin da bakinsa ba rufa-rufa, kamar yadda ya kamata ya yi miki tun bara. Abin da malamin ya ce ku shirya karɓarsa, ko da ya yi wa ɗayanku ɗaci. Umma tsoro take ji miki, ki lallaɓa ta, amma kada ki kwashe kaya a kan hukuncin da ba a riga an yanke ba.

Yanzu ke. 'Yata, me kike wankewa a farantin nan? Wankin ƙasa, inda malamai suka yi maganarsa, na abin da dabba ta taɓa ne. Aladen nan yana wata nahiya, bai lashi kwanonki ba, bai shinshini hannun mijinki ba. In da hoto yana shafa najasa, ke ma da sai ki wanke wayarki da kika kalle shi a ciki. Kin kashe na'ana'arki a banza. Ina kuma zargin ba duka ƙyama ba ce. Dariyar matan biki da ta Dakta ce ta cika miki ciki, kika rasa inda za ki sauke, kika sauke a kan kwano. In fushi ne ki faɗa masa da baki cewa ya ɓoye miki, ya kunyata ki, ya kuma yi dariya. Wannan zai iya ba da haƙuri a kansa. Amma in safe, rana da dare farantin roba yana gaya masa shi ƙazanta ne, ba shi da amsa sai akwati. Su kuwa matan, in wata ta sake tambayar ki takwaran Turai, ki ce an sauya masa suna, in tana sha'awa akwai sauran ƙannensa a sa nata.

Akwatin ma ki lura da shi. Da tafiyar yake so, da tuni ya zuge shi ya fita. Yana zuba riga ɗaya-ɗaya ne inda za ki gani, yana jira ki ce kada ya tafi. Sai dai akwati cika yake, kuma mutumin da ya saba cin ful shi kaɗai a Balad zai iya sabawa da Khumra.

Don haka yau ɗin nan ki dafa kabsar. Ya wanke hannu da sabulu a gabanki in hakan zai kwantar miki da zuciya, kowa ma wankewa yake kafin ya ci. Ki zuba a farantinku na da. In lomar farko ta ƙi wucewa ki kurɓi ruwa ki zauna, kada ki tashi. Shuɗin farantin ki sa shi ƙarƙashin sabuwar tukunyar na'ana'a ya tare ruwa.

Ɗan aladen can yana cin abincinsa ya ƙoshi, bai ma san sunan wa aka ba shi ba. Ku biyu ne kuke zaune da yunwa a gida ɗaya. In Dakta ya turo miki tsokar nan da yatsa, ki ɗauka ki ci.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya daidaita tsakaninku, Ya raya ƙaramin takwara da sunansa.

Taku,
Anti Dela