Tawul ɗin Mijin Ƙanwata

Yaya mai shawara, don Allah ki agaza mini kafin in sosa ƙeyata ta yi jini.

Takalma nake sayarwa, kuma ba yabon kai ba, na ga jama'a iri-iri. Wanda zai zura mini ƙafar da ta manta kamannin ruwa cikin sabon takalmi ma murmushi nake masa, har in ce ya yi masa kyau. Na ɗauka babu sauran abin da zai tayar mini da zuciya. Ashe da saura.

Na shiga ajin Turanci na manya, don na gaji da gyaɗa wa masu kawo mana kaya kai ba tare da na san me na amince da shi ba. Ni da kaina na ja mijin ƙanwata muka shiga tare. Mai aski ne, shi yake yi mini tun kafin ya auri ƙanwar tawa, kuma shi kaɗai Babanmu yake yarda ya taɓa masa kai. Har ɗaki yake zuwa ya yi masa.

Ranar da abin ya faru, malama ta zana tsani a allo. Ta sa always (kullum) a sama, sometimes (wani lokaci) da rarely (ba safai ba) a tsakiya, never (ko sau ɗaya ba a yi) can ƙasa. Ta ce mu zauna bibbiyu, kowa ya tambayi ɗan'uwansa sau nawa yake yin kaza a wurin sana'arsa, kuma a faɗi gaskiya don darasin ya zauna. Ni kuma da tsokana na tambaye shi wankin tawul. Bawan Allah ya gyara zama ya ba ni never, da fara'arsa. Goge kilifa tsakanin kai da kai, rarely. Buroshin hodar nan da yake shafa mana a wuya kuwa, dariya kawai ya yi. Malama har tafa masa ta yi, wai jimlolinsa sun tsaya daidai!

Kada ki ce bai gane kalmomin ba. A hanya na sake tambayarsa da Hausa, ya yi mini bayani dalla-dalla. Wai wanki yana cinye tawul. Wai kwalbar da yake fesa mana, ruwa ya fi sifirit yawa a cikinta. Abin da ya gama da ni shi ne reza. Sabuwa, in ji shi, baƙo ake ɓare wa a gaban idonsa don ya dawo. Mu na gida, wadda ke kusa yake ɗauka, tunda ba ma zarginsa.

Yaya, tawul ɗin nan ruwan ƙasa ne, kuma duk shekarun nan na ɗauka haka aka saƙa shi. Da shi yake goge mini baki in ya gyara gashin baki. Yanzu ko warin hoda na ji sai in kau da kai. Gashina ya yi buzu-buzu, ina ta yi masa ƙaryar kasuwa ta riƙe ni.

Ni dai zan iya gudu. Baba fa? Yana da ciwon suga, ƙaramin yanka sai ya daɗe bai warke ba, ga wasu ƙuraje a ƙeyarsa da muke ta ɗora wa zafi laifi. In na yi magana, ƙanwata za ta ce na raina sana'ar mijinta, ita kuwa ba ta iya fushi kaɗan ba. In na yi shiru, ƙarshen makon nan zai zo da jakarsa. Yaya zan yi?

Naki,
Mai Takalma

Ɗan'uwa Mai Takalma,

Na karanta wasiƙarka ina shan shayi, ban ƙarasa shayin ba. Ƙyamarka tana kan hanya.

Amma mu yi wa mutumin adalci. Bai ɓoye maka ba, kuma wanda ke ɗaukar jaka ya je har ɗakin tsoho ba mugu ba ne. Ganganci ne da maƙo suka zame masa jiki, har ya daina ganinsu. Irin wannan ana gyara shi, in ba a tozarta shi ba.

Sai dai reza ba abin kara ba ce. Cuta tana bin jini, fatar mai ciwon suga kuma ba ta yafiya. Kafin ƙarshen makon nan ka sayo kilifa, tawul da fakitin reza, ka ajiye a ɗakin Baba, su zama nasa shi kaɗai. Ƙurajen kuma a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba, a bar zafi ya huta.

Sannan ka daina ɓuya. Kai da ke iya sayar wa mutum takalmin da ya matse shi, magana ba za ta gagare ka ba. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban kwastoma ba, ba a gaban matarsa ba. Ka fara da godiyar hidimar da yake wa Baba, sannan ka faɗa masa kai tsaye cewa na gida ne ya fi cancantar sabuwar reza. Ka nuna masa kuma cewa ranar da wani ya ji abin da ka ji, kujerarsa za ta yi ƙura. Ƙanwarka ba sai ta ji ba, sai in ya ƙi.

Ajin ma ka koma, ku zauna tare. Bayan ɗan lokaci ka sake yi masa tambayar tawul. In ya hau tsanin, ka miƙa masa kanka. In yana nan a ƙasa, zai ci gaba da zama mijin ƙanwarka, a gaisa a ci abinci tare, amma kai da Baba ku nemi wani mai askin.

Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya sanyaya maka ƙeya.