Kayan Injin da Na Ɓoye wa Abokina

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Don Allah ki taimake ni da shawara, don na aikata abin da na kasa faɗa wa 'ya'yana, kuma mutum ɗaya da na saba kai wa kukana shi ne wanda na cuta.

Shekaruna saba'in da takwas. Malamin dabbobi ne ni kafin in ajiye aiki. Ina da wata tsohuwar motar shiga daji, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda na yi shekara talatin ina ratsa rafi da yashi da ita zuwa wajen makiyaya. Tun da matata ta rasu, yau shekara huɗu, ni kaɗai ne a gidan. 'Ya'ya suna nesa. Suna bugo waya, ba su rage ni da komai ba, amma waya ba ta zama da mutum a kan benci.

Daminar bara na tafi gona da motar. Tiyon lagireto, wato tankin ruwan sanyaya inji, ya fashe, ruwa ya tsiyaye, allurar zafi ta hau, ni kuwa idona bai gani ba, har injin ya buga. Jawo ta aka yi zuwa gida.

Ina da aboki bakanike, sa'ana ne, shi yake duba motar tun tana sabuwa. Ya rufe garejinsa tuni, amma da ya ji labari sai ga shi da akwatin sifanu. Ya ce kada in kuskura in bari a sa mata wani inji, shi zai kwance wannan ya sake haɗa shi a tsakar gidana cikin mako shida. Yana da wata ɗabi'a ta aiki: yakan zana hoton injin a jikin kwali, duk notin da ya cire sai ya soka shi a daidai gurbinsa a zanen. Abin alfaharinsa a duniya shi ne shekara hamsin bai taɓa ɓatar da noti ko ɗaya ba.

Kullum ƙarfe tara yana ƙofa. In dafa shayi, in zauna ina miƙa masa sifana, ya ce ba ita ba ce. Yana kirana likitan awaki, wai wanda bai ga allurar mota ba ko ta yaya yake ganin jijiyar saniya. Ni kuma in ce masa injiniya marar takarda. Rabon da a yi dariya a gidan nan tun matata tana da rai.

A wata na biyar ya ce mini saura mako biyu mu tayar da ita. Na yi masa murmushi, amma na san ranar da ta tashi zai daina zuwa. Da ya tafi da la'asar, na zare notoci biyu na kan injin daga kwalin, na jefa su a aljihun keken ɗinkin marigayiya. Ban shirya ba, hannuna ne kawai ya kai. Kwana uku yana nema, har da tankaɗe ƙasar tsakar gida da rariya. Kayan tsohuwar mota ba sa samuwa da wuri, don haka ya ci gaba da zuwa muna jira. Da aka kawo sababbin notocin, sai na ɗauke zoben fistan ɗaya daga kayan cikin injin. Bayansa wani ɗan ƙarfe da ake kira bawul. Sau huɗu na yi haka.

Kwana tara da suka wuce ya zo, bai ko buɗe akwatin ba. Ya zauna ya ce mini haka mahaifinsa ya fara, da manta inda ya ajiye abu, ya ƙare bai san 'ya'yansa ba. Ya ce ya roƙi ɗansa ya kai shi asibiti a duba kansa, sifanun kuma zai bayar da su. Sannan ya nemi in yafe masa, wai ya lalata mini mota. Yana magana hawaye yana bin gemunsa. Ni kuwa na bar shi ya tafi da wannan zaton. Tun ranar bai dawo ba.

Yanzu babbar 'yata ta ce ƙarshen wata za ta turo a ja motar zuwa gareji a sa mata inji na hannu, aikin kwana biyu. Idan na bari aka yi haka, ba wanda zai taɓa sani. Idan na faɗa masa, ina tsoron ba zai sake taka gidana ba. Ina ganin tsohon injin a ƙarƙashin tamfol, ba na iya bi ta wajen. Yaya zan yi?

Tsohon malamin dabbobi

AMSA

Baba,

Allah ya jiƙan Mama, ya ba ka haƙuri. Na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga mugu a ciki ba. Kaɗaici na gani. Amma zan faɗa maka gaskiya yadda 'yarka za ta faɗa: ba noti ka ɗauke wa mutumin nan ba, yardar da yake yi wa hankalinsa ka ɗauke. Duk kwanan da ka ƙara kana shiru, shi yana kwana da tsoron ciwon da ba shi da shi.

Gaskiya ne, shiru zai rufa maka asiri, magana kuma tana iya raba ku. To amma duba, ai shirun ya riga ya raba ku: kwana tara bai zo ba. Abin da kake tsoron rasawa, hanyar dawo da shi ɗaya ce.

Gobe ka buɗe aljihun keken nan, ka ƙulle kayan a ƙyalle, ka je gidansa da kanka. Kada ka aika, kada ka buga waya. Ka ajiye su a gabansa, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, har da dalilin, ba tare da kare kai ba. Idan ya yi fushi, haƙƙinsa ne, ka bar shi ya huce. Ka kuma sanar da ɗansa, don a san abin da za a gaya wa likita in har za a je.

Batun motar kuwa, ka ce wa 'yarka ta dakata, ka kuma gaya mata yadda gidan ya yi maka faɗi. Inji na hannu ya fi sauri, amma ba ka san wahalar da ya sha a wajen wani ba. Naka kuwa saura kaɗan, kuma yana hannun wanda ya san shi ciki da waje. A shafe shi da mai a rufe da kyau kada tsatsa ta shiga, sannan ka bar wa abokinka zaɓi. In ya ce ya haƙura, sai a canza.

Akwai abin da na lura da shi. Bakaniken da ya yi shekara hamsin a sana'a ya ce mako shida, ya kai wata biyar tun ba ka taɓa masa komai ba. Anya, Baba, kai kaɗai ne ba ka son aikin ya ƙare? Ka ce masa ya riƙa zuwa shan shayi, ko da mota ko babu.

Ka je a duba idonka kuma. In ta tashi, kada ka sake fita daji kai kaɗai, a samu mai zama gefenka yana duba allurar zafi, ko da zai kira ka likitan awaki har ku isa gona.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya sa ku ji ƙarar injin nan tare.