Ƙwai a Ƙarƙashin 'Yar Bola

Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin san tsuntsun nan jinjimi, iri biyu nake kula da su a gidan namun dajin nan. Daga nesa duk ɗaya ne: farin jiki, baƙin kai, baki kamar lauje. Sai an matso ake ganewa. Na gida idonsa baƙi ne, kuma ya cika duniya, har a bola yake kiwo. Na tsibiri, wanda aka kawo daga ƙetaren teku, idonsa fari-fari ne. Likitanmu ya ce sun kusa ƙarewa, ana sare itatuwan da suke sheƙa, ana kwashe musu ƙwai. Namiji da mace kaɗai gare mu.

To, macen ta yi ƙwai ɗaya, ta ƙi kwanciya a kai, injin ƙyanƙyasa kuma ya lalace. Ina tsaye da ƙwan yana hucewa a tafin hannuna, sai na tuna yadda kike sa wa kazarki ƙwan zabi. Likita ya ce in gwada, amma in abin ya ɓaci ni za a tambaya. Na yi wa ƙwan alama da fensir, na tura shi ƙarƙashin wata jinjimar gida, 'yar bola mai kwanci. Kin san hali, tun ranar nake tuhumar kaina. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Sarkin Shakka


Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji kin fara takawa, alhamdu lillahi.

Ɗan tsakon ya fito! Da farko ban yarda ba, na ce ƙila ɗan 'yar bolar ne na cikinta, sai da na tsinci ɓawon na ga alamar fensirina a jiki. Mummuna ne ƙwarai, wuya kamar zare, amma uwar riƙon ɗura masa abinci take ba ji ba gani. Uwarsa ta asali tana keji na gaba, ko kallo bai ishe ta ba.

Da, na tsibiri nake zaɓar wa kifi mai kyau, 'yan bola su ci saura. Yanzu da uwar riƙon nake farawa.

Na gode, Yaya. Lokacin da kike sa ni riƙe miki kaza ina gunaguni, ashe makaranta kika sa ni. Ki gaida kowa, har kazar, in ba a yanka ta ba.

Ƙaninki,
Sarkin Shakka