Giyar Motar Saratu

Zuwa ga aminina Bitrus,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Garejinmu na Gyaɗi-Gyaɗi yana nan. Tun rasuwarka har yau ba a sa wani mai gyaran wayarin mota a rumfarka ba. Ni dai ina kan aikina na gyaran giyar mota.

Matarka Saratu ta kawo motar da ka bar mata. Ta ce tana fizga in za ta canja giya, wani lokacin ta ƙi canjawa sai injin ya yi ta kuka. Na ce ta bar min, aikin ɗan'uwana ne. Ban tsaya gwada komai ba, na sauke giyabos, wato akwatin giyar, na wargaza shi. Bitrus, lafiyarsa ƙalau. Na mayar, na zuba sabon mai, motar ta ci gaba da fizga.

Duk tsawon lokacin nan Saratu a adaidaita sahu take kai yara makaranta daga Tarauni, ga damina. Rahila, autarku, ruwa ya dake ta har ta kwanta da zazzaɓi. Kullum uwar ta kira sai in ce kaya nake jira. Wane kaya?

Da dabara ta ƙare min, na ɗauko mitarka ta gwajin wutar mota. Na jona ta a sensar totur, wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yadda direba ya taka. Na buɗe totur a hankali, yadda na sha ganin kana yi. Lamba tana hawa daidai, sai a tsakiya ta faɗi, ta sake tashi. Sensar ce ta cinye, ƙwaƙwalwar ta rasa lokacin da za ta canja giya. Kusoshi biyu kawai na kwance na sa sabuwa, motar ta daina fizga.

Sau nawa ka yi min irin wannan gwajin kafin in taɓa sifana? Na taɓa ce maka na gode?

Jiya na kai mata motar, na faɗa mata gaskiya a ƙofar gida. Na so ta yi min faɗa. Sai ta ce kullum kana cewa duk Kano babu mai hannuna a giya, ta turo min ruwan sha. Na kasa ɗaga kai, balle in sha.

Rahila ta warke. Allah ya ba ka hutawa.

Abokinka,
Sani mai giya